Ka Bar Zugazugin Ubanka Ka Tafi Iza Wutar Wasu

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Daga ubanka Arzika maƙeri, bayan kasuwar Filinge, zuwa ga ɗana Magaji, duk inda takardar ga ta iske ka.

Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah shi sa ka sauka lafiya. Allah shi tsare ka daga direba mai gyangyaɗi, da abokin tafiya mai dogon hannu, da ruwan da cikinka bai saba da shi ba. Na yi maka addu'ar ga don wajibi ce a kan uba. Kada ka ɗauka fushina ya huce. Bai huce ba.

Ƙanwarka Rabi ce ke riƙe da biro. Na ce ta rubuta yadda magana ta fito daga bakina, kada ta gyara, kada ta shafa mata zuma. In ka ga zagi, nawa ne, ba nata ba. Ta ce don mi ba za mu kira ka a salula ba. Na ce salula ana katse ta a ce layi ne ya lalace. Takarda kuwa sai ka karanta ta har ƙasa.

Ban manta ranar da ka tsuguna gabana da salular nan taka ba. Ka ce ka samu aiki a Kumasi, wurin da ake matse manja, kuma sunan aikin sitoka. Na ce mi ne ne sitoka? Ka ce mai iza wutar babbar tukunyar tururi. Sannan ka shiga karanto mini tarihin kalmar, ni da ban tambaye ka ba. Ka ce Ingilishi aro sunka yi daga mutanen Holan, kuma can asali ma'anarta a zunguri abu da sanda. Ka ce sunan ma'aikacin ne ya fara shiga bakinsu, daga baya sunka datse mishi wutsiya sunka sami sunan aikin, wai sitok. Ka ce har mai tunzura jama'a, da mai cusa abinci a ciki ba ji ba gani, duk da ita suke faɗi. Kana karantawa kana murmushi kamar wanda anka naɗa ma rawani.

To, na ji. Yanzu kai ma ka ji. Tun kafin gemu shi tsiro maka, mi kake yi a gabana in ba iza wuta ba? Wa ke zuba gawayi? Wa ke tona toka? Wa ke zaune a zugazugi tun hantsi har la'asar? Aikin da kake yi a rumfar ubanka shi ne za ka ƙetare ƙasa biyu ka yi ma wanda bai san sunan kakanka ba, don kawai an ba shi sunan Turawa an haɗa maka da shuɗiyar riga. Wutar Kumasi ba ta jin Ingilishi, Magaji. In ta kama ka, yadda tamu ke ci haka za ta ci. Abu guda na yarda da mutanen nan a kai, da sunka sa sunan mutum gaban sunan aiki. Mu ma haka muke. An kira ka ɗan maƙera tun ba ka san gawayi na ƙuna ba, kuma ko ka kai bakin teku da sunan za ka mutu.

Ranar da za ka shiga mota ka miƙo mini hannu, na bar nawa cikin riga. Uwarka ta yi kuka a kan wannan har muryarta ta dushe. Ba don kukanta nake aiko maka da takarda ba. Tunda wuta za ka tsare, akwai wuraren da ni na yi ɓarna da ita, gara ka ji daga bakina kafin ka je ka maimaita su a garin da ba ka da mai shafa maka magani.

Ni ma na je Kumasin nan ina saurayi. Kun sha jin labarin rigunan da na zo da su, ba ku ji yadda anka kore ni ba. A gidan burodin wani Bazabarme na yi aiki, cikin zango, unguwar Hausawa, ni ke iza tanderu. Aikin ba wuya, sai dai ba ya barin mutum shi tashi. Itace kaɗan, ka jira, itace kaɗan, ka jira. Wata rana anka ce za a yi kokawa a fili, har da wani ɗan Kurfai, ƙasarmu, cikin 'yan wasa. Na ce ba za a yi ba ni ba. Na dubi tanderu na ce bari in ba ta abincin yini gaba ɗaya. Na cusa itace har baki, na rufe ƙofa, na tafi. Da na komo ba harshen wuta ko ɗaya, sai hayaƙi na tsiyaya ta tsaga. Na tsaya ƙiƙam gaban ƙofa na fizge ta. Iska na shiga, wutar ta fito ta same ni a tsaye. Tabon da ke ƙirjina, wanda kuke cewa na maƙera ne, na ranar nan ne. Girata ba ta sake fitowa daidai ba. Rufin tanderun ya tsage, Bazabarme ya ɗaure mini kayana da kanshi ya aje a bakin titi. Ɗan Kurfan ma an kada shi.

Saboda haka ka ji. Wuta ba a ba ta abincin gobe yau. Kaɗan kaɗan, kana nan zaune. In ka gaji ka ce ka gaji a kawo wani, kada ka cusa mata don ka sami hutu. Kuma duk ƙofar da wuta ke bayanta, a gefe ake tsayawa a buɗe ta. Wutar da ta yi shiru ta fi mai ruri haɗari. Ko wani shugaban aiki mai farar hular kwano ya ce maka yi sauri, ka bar shi shi zo shi buɗe da kanshi.

Na biyu, baffanka Gado. Na san ka ƙosa da jin sunan nan a bakina da zagi, to ka ƙara haƙuri.

Da Baba, kakanka, ya rasu, uwar maƙera ta faɗa hannun Gado don shi ne babba. Ita ce maƙerar da Baba ke yanka ma jan zakara kafin damina, ƙarfen da ya girmi kowa a ƙauyenmu. Ni anka bar ni a zugazugi. Ban ƙi ba. Haka ake yi: ɗaya na riƙe da masaba, ɗaya na ba da iska. Mai iska ba shi da ta cewa. In maƙeri ya ƙwanƙwasa maƙera da guduma, ka ƙara. In ya ɗora awartaki a ƙasa, ka tsaya. Na yi shekaru ina bin gudumar Gado kamar jaki na bin sanda. Bai taɓa ce mini sannu ba. Ko sunana ba ya kira gaban mutane, sai dai "kai, mai iska."

Sai wata rana, bayan na auri uwarka da kaɗan, manoma sun cika rumfa ana shirin shuka. Muna haɗa bakin gatari da sifirin mota. Ka san aikin, sai ƙarfe ya wuce ja, ya wuce ruwan ɗorawa, ya kai fari, a watsa mishi rairayi, a fitar a buga kafin ya huce. In an wuce wurin nan kaɗan sai ya fara tartsatsi, ya ƙone, ba shi da sauran amfani. Gado ya dubi mutane ya ce, "Tunda yaron ga ya yi amarya iskarshi ta ƙare, a ɗaka yake barin ta." Anka yi dariya. Har da surukina a wurin. Can ya ɗora awartaki a ƙasa. Na gani da idona, lokacin idona garau yake. Na ci gaba da zuga. Ya ce, "Tsaya." Na ƙara. Na ce a raina, iska kake so, ga iska. Gatarin ya yi tartsatsi ya narke kamar kitse. Gado ya juya awartaki ya maka mini a kafaɗa gaban jama'a.

Na tashi na kwance zugazugina, don fatar akuyata ce, ni na ɗinka. Na ɗauki uwarka munka taho Filinge. A kan guntun ƙarfen tsohuwar mota na yi ƙirar da na ciyar da ku, maƙerar Baba kuwa tana can gidanshi. Tun ranar ban gaishe shi ba. In an yi rasuwa a dangi, shi gabas ni yamma. Har gobe ina cewa shi ya fara, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ne ƙarya yake.

Amma gatarin ba na Gado ba ne. Na wani talaka ne da ya taho da ƙafa daga wajen Sanam, bai zage ni ba, bai yi dariya ba ma. Shi ya koma gida hannu wofi. Wanga shi ne abin da nake so ka riƙe. Can inda kake za a sami mai raina ka. Za a kira ka da sunan da ba naka ba, a yi dariyar Hausarka, a yi dariyar tsagen fuskarka. In ranka ya ɓaci, ka ɗauke hannunka daga wuta tukuna. Ka ja mutumin waje ka faɗa mishi a ido, in ta kama ku yi dambe ku yi. Kada ka rama da wuta. Ni gatari na narkar. Tukunyar da ka ce za ka tsare, in ta fashe, mutane za ta kwashe, kuma ba waɗanda sunka zage ka kaɗai ba.

Na uku, idona. Rabi ta ɗaga biro ta ce in bar wannan. Rubuta, yanzu wa ya rage bai sani ba?

Baba ya sha gaya mana kada a ƙura ma tsakiyar wuta ido, a dube ta a kaikaice, a ɗauke kai. Ni na ce wannan maganar tsofaffi ce. Ina son in ga lokacin da ƙarfe ke juyawa fari, har ina alfahari ba wanda ya kai ni gani. Shekara da shekaru ina kallon cikinta kamar mai kallon rijiya. Da hazo ya fara sauko mini na ce hayaƙi ne. Da likitocin ido sunka zo garin ga suna cire yana, uwarka ta roƙe ni, kai ma ka roƙe ni. Na ce ba mai sa mini wuƙa a ido ina da rai. Gaskiyar ita ce ban so a gan ni cikin layin makafi ba, a je a gaya ma Gado. Sunka gama sunka tafi. Liman na unguwarmu da ya shiga layin, yau shi ke zura zare a allura da kanshi.

To ka dubi wuta a kaikaice. In sun ba ka baƙin tabarau ka sa, ko abokan aiki sun ce ka yi kama da ɓarawo. Kuma in jikinka ya fara gaya maka wani abu, ka je a duba tun ana iya gyarawa. Kada ka tsaya lissafin wa zai gan ka.

Kai kaɗai ka san yadda munka yi shekarun nan na baya. Ban taɓa ce maka ba na ganin launin ƙarfe ba, kai ma ba ka taɓa ce mini ka gane ba. Sai dai wata rana na ji iskarka ta canza. In ƙarfe ya kusa, ka rage. In ya nuna, ka danne hannun hagu ka tsaya cak, ni kuwa in fizgo in buga. Mutane na zaune suna cewa, "Arzika dai ido gare shi, ko duban wutar ba ya yi." Ina jin su ina gyara zama. Kai kana sunkuye kana zufa, ba ka taɓa ɗaga kai ba. Wannan na sani, kuma ban ce maka sannu ba. Ba a saba mini da ita ba, ban san ta inda ake fara ta ba.

Shi ya sa tafiyarka ta fi ƙona ni. Da wani ɗa ne ya tafi, sai in ce hannu ya ragu. Kai ka san abin da ka ɗauke ka tafi da shi.

Na huɗu shi ne wanda ka jefe ni da shi ana gobe za ka tafi, muna kwashe gawayi. Ka ce, "Baba, shekaruna nawa a rumfar ga, sau nawa ka ba ni masaba?" Na ce ba ka isa ba tukuna. Ka ce, "Ina da mata da ɗiya, yaushe zan isa?" Na ce ranar da na ce. Ka ce, "To a can ma iza wuta zan yi, amma can ba wanda ya yi mini alkawarin maƙera." Na ɗaga hannu zan mare ka, ka tsaya ba ka kauce ba. Sannan ka ƙara da abin da ya fi mari. Ka ce in je wurin Gado. Ka ce kafaɗarshi ta mutu, ba ya iya ɗaga masaba, 'ya'yanshi sun koma walda a Yamai, maƙerarshi ta yi sanyi, amma idonshi ras. Ka ce shi ido, ni hannu. Kamar kana haɗa jaki da amalanke. Na ce in ka sake kiran sunan nan a gidana ban yafe ba.

Ba ka yi ƙarya ba a kan masaba. Tun da daɗewa ka isa. Na sha jin yadda kake gyara lauje in na shiga salla, bugunka daidai yake, ya ma fi nawa sauƙin hannu. Na hana ka don in ka koma bakin maƙera, ni ina zan koma? Zugazugi. Wurin da na rantse ba zan sake zama ba tun ranar awartakin Gado. Kuma mai iska dole shi ga wuta, ni ba na gani, da rana ɗaya ta isa kowa shi gane. Sai na bar ka a inda anka bar ni. Ban yi niyyar in zama Gado ba, amma da na waiwaya ban ga bambanci mai yawa ba, sai dai ni ban doke ka gaban mutane ba.

Shawarar da ke ciki gajera ce. In an daɗe an sa wani a ƙarƙashinka, ka koya mishi har abin da zai sa shi iya yi ba kai. In ka riƙe, ba zai zauna ba, zai tafi ne lokacin da ka fi bukatarshi. Kai kuma kada ka tsufa a bakin tukunyar nan. Ka sa ido ka ga yadda ake gyaran ta, ka tambaya ko an yi maka tsawa. Wanda ke sama da kai ba zai kira ka shi koya maka don Allah ba, ni shaida ne.

Yanzu ka ji abin da tafiyarka ta haifar, don kada wani shi riga ni gaya maka da ƙari.

Kasuwar farko bayan ka tafi, na buɗe rumfa kamar kullum. Na ce ba zan rufe don yaro ya tafi ba. Mijin Rabi, Illo tela, shi ya zo ya zauna mini a zugazugi don kunya. Rabi ta ce kada in zage shi a takarda. Ban zage shi ba, mutumin kirki ne, amma abin da ya sani da wuta bai wuce gawayin dutsen guga ba. Sai ga Nomau, ka san shi, dogon nan na wajen Sanam mai layu a damtse, wanda ba ya wuce wasan bori. Ya kawo gatari a sa mishi sabon baki. Mutane sun taru, ana ta hira a kan ko ruwa zai sauka da wuri.

Na sa ƙarfe a wuta. Illo na zuga. Ina zaune ina jiran iska ta rage. Wallahi na manta ba kai ba ne. Kunnena na jiran hannun hagunka, shi kuwa Illo na jiran in ce mishi tsaya. Sai na ji ƙara kamar ana soya gyaɗa, na ji zafi na faɗo mini a ƙafa.

Nomau ya ce, "Arzika, gatari na ce ka yi mini, ba taurari ba."

Anka yi dariya. Na fizgo ƙarfen na ɗora a maƙera na buga, ya watse kamar busasshen tuwo. Dariya ta tsaya. Na ji inuwa na wucewa gaban fuskata, ta tafi ta komo. Hannun Nomau ne, shina kaɗa mini shi a ido kamar yadda ake gwada jariri.

Ya ce a hankali, "Ashe. Tun yaushe, ɗan'uwa?"

Na ce, "Ɗauke hannunka daga fuskata kafin in sa shi a wuta."

Ya janye hannunshi. Da ya zage ni da ya fi mini. Ya tattara guntayen ƙarfenshi, na ji mutane na tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa Allah shi sawwaƙe. Kafin la'asar har masu sayar da kanwa a ƙarshen kasuwa sun ji Arzika ya makance, wai da ma ɗanshi ne ke ƙirar. Ka ji abin da sunka ce. Ka ji daɗi.

Na rufe rumfa. Na kwana biyu ban fita ko masallaci ba. Uwarka ta ce za ta ƙauye gaisuwar haihuwa. Ban san haihuwar wa ba, ban tambaya ba. Ashe gidan Gado ta tafi, ba da izinina ba, matar da ba ta taɓa ƙetare maganata ba. Wannan ma kai ka koya mata.

Da hantsi ina zaune bakin rumfa sai na ji amalanke ya tsaya. Na ji tafiya, na gane ta tun kafin a yi magana, don har yanzu shina jan ƙafar dama kamar Baba. Ko sallama bai yi ba.

Ya ce, "An ce ka makance."

Na ce, "An ce kafaɗarka ta mutu."

Ya ce, "Ta mutu. Buɗe rumfar."

Na ce, "Wa ya kira ka?"

Ya ce, "Ba kai ba. Da kai ne da ban zo ba."

Na buɗe, don mutane sun fara tsayawa kallo. Ya wuce ni ya tafi kai tsaye ya zauna a wurinka, kan buhun nan da ka lotsa. Gado, babban wa, mai maƙerar Baba, a zugazugi. Ya danna sau ɗaya ya ce, "Wane wawa ya ɗinka wanga? Iska na fita ta gindi." Na ce, "Wanda ka doka da awartaki." Ya sake danna zugazugin. Can ya ce, "Kawo gawayi. Wanga ba na itacen ƙirya ba ne." Na ce ƙirya ta ƙare a daji, in shina da ita a aljihu shi fito da ita.

Ya aika a kira Nomau, ya ce shi kawo wani ƙarfen. Munka sa a wuta. Iskarshi ba irin taka ba ce, da hannu ɗaya da rabi yake yi, tana zuwa tana yankewa. Ina jira in ji ya rage a hankali yadda kake yi, don a rufa mini asiri ko kaɗan. Ina. Sai ya buɗe baki, yadda har mai shayi na tsallaken hanya ya ji, ya ce, "Ya nuna. Ɗauke, makaho."

Na ɗauke. Mi zan yi? Na buga, ƙarfe ya kama. Nomau ya kai gatarin ga kututturen da ke bayan rumfa ya sara har ya gaji, baki bai motsa ba.

Haka muke tun ranar. Kowane ƙarfe sai ya ce makaho. Ni kuma ina ce mishi mai iska, na ga ko zai ji yadda take. Ba ya ko nuna ya ji. A tsohon ɗakinka na samartaka yake kwana, a akushina yake ci, in akwai tsoka ɗaya a miya shi ke ganin ta. Ban yafe mishi ba, bai kuma nema ba. Kada ka zauna can kana cewa maganarka ta fito. Da ka zauna, da ba a kai ga wani shi kira ni makaho a rumfata ba.

Kuma ba mai ɗorewa ba ne. Ya faɗa da bakinshi, in an gama shuka, an gama gyaran hauyoyin noma, gida zai koma, don shi ma gona gare shi. Ya ce kafin shi tafi zai sa ni a mota shi kai ni Yamai a duba idon, ko da ɗaure ni zai yi. Ban ce to ba. Ko an duba, likita na iya cewa na makara. In haka ne, bayan damina rumfar ga rufewa za ta yi, wuta ta mutu a gidan da ba ta taɓa mutuwa ba tun zuwana garin ga.

Ba ina roƙon ka ka komo ba. Ban roƙi Gado ba, ba zan fara da ɗan cikina ba. Ka yi aikin da ka je yi, ka cika alkawarin da ka ɗauka ma mutane, kada a ce ɗan Arzika ya gudu. Matarka da ɗiyarka suna hannuna, ba za su kwana da yunwa ba ina numfashi. In tausayi ne zai komo da kai, zauna can, ba na so.

Amma ga magana, kuma Rabi shaida ce, uwarka ma ga ta nan bakin ƙofa tana ji. Ranar da ka komo, ko bana ko baɗi, masaba taka ce. Kai ne a bakin maƙera. Ni zan zauna a zugazugi, kai ka riƙa gaya mini in ƙara ko in tsaya, ko gaban wa. Rabi, rubuta shi da sauri kafin in sake shawara. Ta ce ta rubuta.

Hannun da na hana ka a tasha, ga shi. Na sa Rabi ta shafa mini baƙin gawayi a babban yatsa na danna a ƙasan takardar ga. Na yafe maka tafiyar. Maganar da ka gaya mini muna kwashe gawayi kuwa, ita sai mun haɗu.

Allah shi tsare gabanka da bayanka. Allah shi sa wutar da kake tsaro ta san kai ɗan gida ne, ta bar maka fatarka da idonka. Allah shi haɗa ka da shugaba mai tsoron Allah, shi raba ka da abokin da zai ja ka kallon wasa a lokacin aiki. Ka riƙe salla. Uwarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci kafin ka shiga zafi. Matarka na gaishe ka. Gado na waje shina tambaya ko an gama, wai wuta na cin gawayi a banza. Bai ce a gaishe ka ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Allah shi maido ka lafiya, shi sa ka iske ni da rai. Amin.

Ubanka,
Arzika maƙeri, Filinge.